Babi na Biyar: Kimiyya a Bakin Dajin Zugurma

Duk shekara idan sakamakon JAMB ya fito, gidajen da ke da ɗan kimiyya sukan rabu gida biyu. Yaron da ya ci maki mai yawa, tun bai ga ƙofar jami'a ba ƙannen babansa sun fara kiransa Likita. Wanda makinsa ya tsaya tsaka-tsaki kuwa sai a ce masa ya yi haƙuri ya nemi kwaleji, ana faɗa ana sassauta murya. Ita ma hukuma ta ba da tata gudummawar wajen wannan raini. A 2025 mafi ƙarancin makin da aka tsayar na shiga jami'a 150 ne cikin 400, na kwalejojin ilimi da na fasaha kuma 100. Uban da bai taɓa shiga aji ba ma ya san ɗari ba ta kai ɗari da hamsin ba, don haka ya riga ya yanke hukunci a kan inda ake tura na gaba da inda ake tura ragowa.

Ga yaron Zugurma, wannan hukunci bai dace da abin da ke ƙasa ba. Garin yana cikin Ƙaramar Hukumar Mashegu, a masarautar Kwantagora, kuma tsofaffin jami'o'in da ake buri, Zariya da Sakkwato da Minna, duk tafiya ce mai cin kuɗin mota da na haya da na abinci, ga yajin aikin malamai da kan mayar da shekara huɗu ta zama biyar ko shida. Manomin da ke jiran kaka kafin ya ga kuɗi a dunƙule ba kowace shekara yake iya ɗaukar wannan ba. Amma a zagaye da garin akwai makarantun da ba a cika yi musu kirari ba. A kudu akwai Kwalejin Aikin Gona ta jiha a Makwa. A ƙetaren kogin Kwara, a Sabuwar Bussa, akwai kwalejin tarayya ta kula da namun daji da kuma ta fasahar kiwon kifi, dukansu an kafa su a 1978. A shekarar ce kuma aka buɗe babbar makarantar horon malamai ta tarayya a Kwantagora, wadda daga baya ta zama Kwalejin Ilimi ta Tarayya. Ɗalibin da ya shiga ɗaya daga cikinsu yana iya zuwa gida ya ɗebo dawa da wake ya koma, idan damina ta kankama kuma ya leƙo gona a ƙarshen mako. Ga gidaje da yawa, wannan kusancin shi ne ke sa karatun ya yiwu, musamman karatun 'ya mace, wadda sau da yawa ba makinta ne ke tsayar da ita ba, nisan makarantar ne.

A Amurka irin wannan makaranta tana da tsari na musamman da dogon tarihi. Ta farko da ake ambato ita ce ta Joliet a jihar Illinois, wadda aka buɗe a 1901 da ɗalibai shida. Yau akwai kimanin dubu ɗaya irinta, ana kiransu kwalejojin al'umma: shekara biyu, kuɗi kaɗan, ƙofa a buɗe ga kusan duk wanda ya gama sakandare, darussan dare ga mai aiki da rana. Ɗalibi yakan yi bayoloji da kemistiri da fiziks da lissafi na shekarun farko a can, sannan ya ɗauki makinsa ya wuce jami'a ya shiga shekara ta uku. Craig Venter, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka tsaya tare da Shugaba Clinton a watan Yunin 2000 aka sanar da daftarin farko na taswirar ƙwayoyin gadon ɗan Adam, a irin wannan kwaleji ya fara, ta San Mateo a Kalifoniya, bayan ya dawo daga aikin jinya a yaƙin Biyetnam.

Namu tsarin bai kai haka sassauci ba. Mai takardar NCE ta kwalejin ilimi shekara uku yake yi, yana haɗa fanni biyu, a ce bayoloji da kemistiri ko fiziks da lissafi, tare da darussan koyarwa. Idan ya nemi jami'a ta hanyar shiga kai-tsaye, yawanci aji biyu ake sa shi, kuma galibi a tsangayar ilimi. Digirin da abokinsa ya samu a shekara huɗu, shi sai ya yi shida. Mai difloma daga Makwa ko Sabuwar Bussa shi ma aji biyun ne, ko kuma ya ci gaba zuwa babbar difloma ya fito ya tarar da tsohuwar gardamar nan ta fifita digiri a kan HND wajen ɗaukar aiki. Tsanin yana nan, sai dai an tsawaita shi ba gaira ba dalili.

Duk da haka akwai abin da waɗannan kwalejoji suke da shi wanda jami'ar da ke tsakiyar birni sai ta yi hayar mota kafin ta kai ɗalibanta gare shi. Dajin Zugurma, wanda aka keɓe a 1971, shi aka haɗa da na Bargu aka samar da Gandun Dajin Tafkin Kainji a ƙarshen shekarun 1970, gandun ƙasa na farko a Najeriya. Ɓangaren Zugurma kaɗai ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,370. Doka da kawo da maje da madobiya da taura da ƙirya da kaɗanya da ɗorawa duk suna ciki, tare da gwanki da gada da mazo da mugun dawa da birai. Littafin bayoloji yakan ware babi guda a kan yadda itatuwan irin wannan daji ke jure gobara da fari: kaurin ɓawo, zubar da ganye da rani, saiwar da ke sake tofo bayan wuta ta wuce. Ɗalibi a Legas haddace wannan yake yi. Ɗan Zugurma tun yana kiwon awaki yake ganinsa. Abin da ya rage masa shi ne awo, kuma shi ne aikin kwaleji: ya shata fili mai faɗin mita 20 kowane gefe, ya ƙirga itatuwan da ke ciki, ya auna kaurin kowanne a daidai ƙirji, ya rubuta, ya dawo baɗi ya sake. Wanda ya yi haka shekara uku a jere yana da hujjar da zai iya ajiyewa a gaban kowa game da saurin da gawayi da katako ke cin dajin. Madobiya misali ce a fili. Saranta da ake yi ana lodawa zuwa Sin ya yi tsanani har a 2016 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa ido a kan cinikinsu, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya. Nawa ta rage a wani yanki, kuma 'ya'yanta na tasowa ko shanu da wuta sun gama da su, tambaya ce da igiyar awo da littafin rubutu ke amsawa.

Kemistiri ma haka. Jihar Neja tana gaba-gaba wajen kaɗanya a ƙasar da ta fi kowace ƙasa samar da ita a duniya, kuma a watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta hana fitar da ƙwarar ɗanya na wata shida don a riƙa sarrafa ta a gida. Masu sayen man kaɗe na kamfani ba da ido ko hanci kawai suke yanke farashi ba. Suna auna yawan asid ɗin da ya ɓalle daga man, wanda ke ƙaruwa idan ƙwara ta daɗe a jiƙe ko ta yi fumfuna kafin a dafa ta a shanya. Yadda ake wannan awo kuwa shi ne ainihin gwajin da kowane ɗan kimiyya ke fargaba a jarrabawar WAEC, wato taitireshan: a narka man da aka auna nauyinsa, a riƙa ɗiga ruwan soda mai sanannen ƙarfi daga dogon bututun gilashi mai layuka, har launi ya juya, a karanta, a yi lissafi. Yarinyar da ta iya wannan da hannunta tana iya gaya wa ƙungiyar matan ƙauyensu wane tsarin shanya ne ke ba su man da zai yi daraja. Ita kuma wadda ta haddace shi daga allo, iyakarta ta ci jarrabawa.

A nan ne matsalar take, kuma ba daidai ba ne a ɗora ta duka a kan rashin kuɗi. Gaskiya ne sinadarai suna ƙarewa ba a sayo wasu ba, ana ɗauke wuta ana tsakiyar gwaji, ɗalibai da yawa sukan taru a kan na'urar maikuroskof guda, na gaba yana leƙawa na baya suna kwafar zanensa. Asusun TETFund ya gina ɗakuna masu kyau a makarantu da dama, amma gini ya fi saurin samun sa-hannu a kan kuɗin gas da ruwan famfo da albashin ma'aikacin ɗakin gwaji. Sai dai akwai wata al'ada da ta fi talauci illa, ita ce ɗaukar cewa kimiyya tana cikin kwalin da aka yi odarsa daga waje, idan kwalin bai iso ba sai a koma alli da takardun da malami ke sayarwa. Alhali dutse da zare mai tsawon mita ɗaya da agogon wayar hannu sun isa a auna ƙarfin jan ƙasa. Lilon zai je ya dawo cikin kusan daƙiƙa biyu, a ƙirga sau ashirin a raba, a sa cikin lissafi, amsar za ta faɗo kusa da 9.8. Idan ba ta faɗo ba, nan ne darasin ya fi daɗi, don sai an nemo inda kuskuren awo ya shiga. Ruwan zoɓo ma'aunin asid ne: a ɗiga masa lemun tsami ya ƙara ja, a sa masa ruwan kanwa ko na toka ya koma wajen kore. Matan da ke haɗa sabulu da ruwan toka da mai suna yin abin da ke shafin littafin kemistiri na aji biyar. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai maye gurbin ɗakin gwaji na sosai, kuma malamin da ya ce ya wadatu da su ya yaudari ɗalibansa. Amma gani ya kori ji, kuma hannun da ya saba da awo da zare ba zai yi rawa ba ranar da aka miƙa masa na'ura mai tsada.

Wani lokaci abin da ke tsakanin sani da rashinsa rai ne. A 2015, a Shikira da ƙauyukan kusa da ita cikin Ƙaramar Hukumar Rafi, yara 28 suka mutu sanadiyyar gubar dalma. Dutsen zinariya ake kawowa gida a daka a niƙa, ƙurar mai ɗauke da dalma ta bi ƙasar tsakar gida, yara masu rarrafe su kai ta baki. Shekara biyar kafin nan irin wannan ya kashe yara sama da 400 a Zamfara. Dalma ba ta wari, ba ta da ɗanɗanon da zai ankarar, kuma sanƙarewar da take sa yaro tana kama da ta zazzaɓin cizon sauro. Ba sai da farfesa ake gane haɗarin ba. Malamin firamare ko ma'aikacin asibitin ƙauye da ya yi kemistiri na gaske, ya san cewa ma'adinai kan zo a cakuɗe, shi ne mutum na farko da zai iya cewa a fitar da niƙan daga cikin gida.

Tsargiya ma tana nan a garuruwan da ke bakin ruwa. Tun 1851 wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar a Alƙahira. Ƙwanta yana fita cikin fitsari, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga wata 'yar katantanwa, ya hayayyafa a cikinta, ya fito ya huda fatar mai wanka ko mai su. A wasu wurare an daɗe ana ɗaukar fitsarin jini ga yaro alamar girma ce. Ƙwan kuwa yana da girman da ƙaramin maikuroskof na makaranta ke nuna shi sarai, da 'yar ƙayarsa a ƙarshe, ko da hasken madubi da rana ne babu lantarki. Ɗalibin da ya taɓa ganin wannan ƙwai da idonsa ba zai sake yarda da zancen girma ba, kuma zai gane dalilin da ya sa maganin da ake rabawa a makarantu ba ya hana cutar dawowa muddin ana fitsari a rafi.

Fiziks kuma, ga Kainji. An gama madatsar a 1968, aka sa mata injina takwas masu ƙarfin megawat 760 a jimlace, ruwan da ta tare ya shanye tsohuwar Bussa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, aka sake wa mutum sama da dubu arba'in matsuguni. Duk wannan katafaren aiki a kan lissafi ɗaya ya tsaya, wanda ɗan shekarar farko a kwaleji ke iya yi a bayan littafi. Ruwa mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi nauyinsa tan ɗaya ne. Idan irin wannan yana faɗowa kowace daƙiƙa daga tsayin mita 30, a misali, zai ba da kusan kilowat 300 kafin a cire asara. Ke nan a wannan tsayi sai an sako sama da tan 2,500 na ruwa duk daƙiƙa kafin a kai megawat 760. Wanda ya yi wannan lissafi da kansa ya fahimci dalilin da ya sa wuta ke raguwa idan tafki ya ja baya, ba sai kakakin kamfani ya yi masa bayani ba. Wani abin sha'awa shi ne tafkin sau biyu yake samun ruwa a shekara. Na farko na daminarmu ne, mai laka, masu bincike suna ce masa farin ruwa. Na biyu, baƙin ruwa, tun daga tsaunukan Gini ya taso, ya bazu cikin fadamun Mali ya ajiye lakarsa, bai iso nan ba sai cikin hunturu, watanni bayan ruwan sama ya ɗauke. Masunta sun san lokutan nan biyu tun kafin a kafa cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Bussa, wadda ta faro a matsayin aikin nazarin tafkin a 1968. Rabon kwaleji shi ne ta haɗa sanin masuncin da ma'aunin zafin ruwa da na iskar da ke cikinsa.

Sai dai duk wanda ya san yankin zai ce: wa zai kai ɗalibai daji yanzu? Tambaya ce ta gaskiya. A ranar 17 ga Fabrairun 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke Kagara suka kashe ɗalibi ɗaya, suka tafi da mutum 42, ciki har da ɗalibai 27. Makarantar kimiyya ce, irin wadda ke ciyar da kwalejojin da muke magana a kansu. Bayan haka an rufe makarantun kwana a ƙananan hukumomi da dama, kuma sassan gandun Kainji sun zama maɓoyar masu ɗauke da makamai, har ma'aikatan gandun kansu ba ko'ina suke shiga ba. Babu shugaban makaranta mai hankali da zai loda yara a bas ya nufi tsakiyar daji a wannan hali. Asarar da ba a cika lissafawa ba ita ce ta bayanai: shekarun da ba a ƙirga dabbobi ba, ba a auna itatuwa ba, giɓi ne da ba ya cikuwa daga baya. Abin da ya rage a hannu shi ne bakin daji, da gonaki, da kasuwa. Ƙudujin da ke shaƙe dawa, wanda irinsa ke kwanciya a ƙasa shekara da shekaru har sai ya ji sinadarin da saiwar hatsi ke fitarwa sannan ya tsiro, yana nan a bayan kowace makaranta. Tsutsar nan mai cin masara da ta bayyana a Afirka ta Yamma a 2016 ita ma ba sai an je neman ta ba.

Dalilin da ya sa na fi damuwa da kwalejin ilimi a kan sauran shi ne ita ce ke haifar kanta. Tun manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 aka nufi NCE ta zama mafi ƙarancin shaidar koyarwa, a 1989 kuma aka kafa hukumar NCCE don ta kula da kwalejojin. Wanda ya fito daga Kwantagora da bayoloji da kemistiri, shi ne zai koma Zugurma ko Ibbi ko Mashegu ya tsaya gaban 'yan ƙaramar sakandare. Mai digiri daga birni ko an turo shi hidimar ƙasa shekara ɗaya zai yi, idan ma bai nemi canjin wuri ba tun daga sansani. Ɗan gari ne ke zama. Idan da alli aka koya masa, da alli zai koyar, yaransa su isa kwaleji ba su taɓa riƙe bututun awo ba, a ce ba su da ƙoƙari, a sake rage makin shiga. Idan kuwa an sa shi ya auna, ya yi kuskure, ya sake aunawa, to ko a ajin da babu silin zai aika yaro ya samo zare da dutse.

A 'yan shekarun nan an ɗaga kwalejin Kwantagora zuwa Jami'ar Ilimi ta Tarayya, kamar yadda aka yi wa na Kano da Zariya, kuma dokar 2023 ta ba sauran kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da digiri tare da NCE. Mutanen gari sun yi murna, kuma suna da hujja: digiri a kusa da gida, ƙarin ma'aikata, ƙarin masu haya da masu sayen abinci. Amma jami'a tana zuwa da makinta na shiga, da kuɗinta, da masu neman gurbi daga ko'ina a ƙasar, malamanta kuma da yawan takardun da suka wallafa ake ƙara musu girma, ba da awannin da suka yi a ɗakin gwaji tare da 'yan shekarar farko ba. Amurkawa da suka tashi ƙara jami'o'i ba su rushe kwalejojin al'umma ba, sun bar su a matsayinsu suka gyara hanyar wucewa daga wannan zuwa waccan. Mu kuma kowane ɗan majalisa burinsa ya sauya allon da ke bakin ƙofa. Idan ajin share fage da karatun hutu na malaman da ke bakin aiki da gurbin mai maki ɗari da ashirin suka tafi tare da tsohon allon, yaron Zugurma da ya yi sakandare babu ɗakin gwaji zai ga jami'a a masarautarsu, amma sai ya nemi Minna ko wata jihar kafin ya samu mai karɓarsa.